Wanda Tsoho Ya Riƙe

Ƙamshin ɗanyar harawar gyaɗa ne ya shigo mini ta tagar aji, ina tsaye gaban tablo, wato allon aji, da alli a hannu. Wani mai amalanke ne ya ratsa ta bayan katangar lise, babbar sakandaren da nake koyarwa, ya labta wa jakinsa lodin da ya fi ƙarfinsa. Yara ko ɗaga kai ba su yi ba, ni kuwa sai da na manta abin da nake rubutawa. In ka tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Agiye da Gazawa ka san wannan ƙamshin. Shi ke gaya maka damina ta naɗe tabarmarta, an fara cirar gyaɗa, gero na jiran ɗauri, lakol, wato makarantar boko, kuma ta buɗe. Na daɗe ina koyar da lissafi, har furfura ta fara leƙo mini a gemu, amma duk lokacin da harawa ta yi ƙamshi sai in koma yaro mai shekara bakwai, kuma ba yaro mai farin ciki ba.

Darasin da ke kan tablo a ranar, fonksiyo ce mai yanki-yanki. Kada sunan ya tsorata ka, mai karatu. Fonksiyo ƙa'ida ce kawai: ka miƙa mata lamba, ta yi mata wani aiki, ta mayar maka da amsa guda ɗaya. Mai yanki-yanki kuwa ita ce wadda ba ta yi wa duk lambobi aiki iri ɗaya. Wadda na rubuta musu yanki uku gare ta. In lambar ba ta kai biyu ba, a ƙara mata uku. In ta kai biyu amma ba ta kai biyar ba, a yi ta sau kanta. Daga biyar zuwa sama amsa goma ce, komai girman lambar. Aikin ɗalibi shi ne ya fara duba yankin da lambar ta faɗa, sannan ya ɗauki ƙa'idar wannan yankin ya bar sauran.

Sai ka ce abu mai sauƙi. Ba su ɗaya, su ce huɗu. Ba su uku, su ce tara. Ba su bakwai, su ce goma har da murmushi. Amma ka ba su biyu ka ga ikon Allah. Wani ya ce biyar, wani ya ce huɗu, mai tsoron asara ya rubuta duka biyun, kuma ba na rasa gwanin da zai haɗa su ya miƙo mini tara. Biyu a kan iyaka take, abin da ke raba gardamar kuwa wani ɗan gajeren layi ne da ake ja a ƙarƙashin alama, mai nufin "ko daidai da ita". Yankin da aka ja wa ɗan layin nan shi ke da biyu, ɗayan ba shi da ita. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abokan aikina sun sha tambayata me ya sa nake ɗaukar zafi a kan wannan darasi fiye da sauran. Ban taɓa gaya musu ba, amma kai zan gaya maka.

A gidan kakana na wajen uwa na tashi. Mahaifina ya rasu ina goye, sai Inna ta dawo gidan ubanta da ni. Tsoho muke ce masa. Dogo ne siriri, ba mai yawan magana ba, dugadugansa duk faso, jikinsa kullum da ƙamshin rana da goro. A gidan akwai ɗan kawuna, taubashina, wanda damina ɗaya aka haife mu, ko sati biyu babu a tsakani. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji. Tabarma ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci, ƙyanda ma tare ta kama mu. Mata in sun gan mu sai su ce ga jelar Tsoho nan tafe, don duk inda ya sa ƙafa muna bayansa.

To, amma ko jela tana da gindi tana da ƙarshe, ni kuwa na ɗauka ni ne na kusa da jiki. In za mu gona ni yake ɗorawa a gaban jaki, taubashina a baya. Ranar shuka, in ruwan farko ya jiƙa rairayi, Tsoho na gaba da sungumi yana sara, ni ke riƙe da ƙoƙon iri. In ya sha fura a gindin gawo ya rage, ni yake fara miƙa wa ƙwaryar, sai na kurɓa sannan ta wuce. Ba wani abu ba ne, ragowar fura ce har da ɗan yashi a ƙasanta. Amma ban taɓa shan abin da ya kai ta daɗi ba, kuma rabin daɗin shi ne taubashina na kallona yana haɗiyar yawu. Ka ga ke nan tun asali zuciyata ba fara tas ba ce.

Shekarar da muka cika bakwai, an yi damina mai albarka. Gida ya cika da harawa, rufin kowane ɗaki an shanya ta. Wata safiya mai gari ya aiko a ce kowane gida ya kawo yaransa gindin tsamiya, mushe, wato malamin lakol, ya zo ɗaukar ƴan lakol. A lokacin ba rububin lakol ake yi ba. Ba da yaro ga lakol kamar ba da akuya ce ga baƙon sarki, ana yi ne don babu yadda za a yi, kuma kowane gida ɗaya yake so ya bayar ya huta. Takardar haihuwa kuwa babu mai ita. Don haka mushe yana da tasa hanyar gane shekaru. Yaro zai ɗaga hannun dama ya ɗora bisa tsakiyar kai, ya nemi kunnen hagu. Wanda hannunsa bai kai ba ya yi ƙanƙanta, a mai da shi wajen uwarsa. Wanda ya taɓa kunnen an same shi, a rubuta. Wanda ya damƙe kunnen gaba ɗaya har ya ja, wannan ya wuce, gona ta ci shi.

Aka zo kanmu. Na ɗaga hannu, kan ɗan yatsana na tsakiya ya taɓa saman kunne. Taubashina ya ɗaga nasa, kan ɗan yatsansa na tsakiya ya taɓa saman kunne. Wallahi ko kaurin zare babu a tsakaninmu. Ina kallon nasa, yana kallon nawa. Mushe ya dube mu, ya dubi mai gari, mai gari ya dubi Tsoho. Mushe ya ce gidan nan ɗaya ya isa, mai gida ya faɗi wanne.

Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Har tausayin taubashina na fara ji.

Tsoho ya tauna goronsa, ya dafa kafaɗar taubashina ya ce, "Wanga ya wuce lakol, Mushe. Wancan shi ne daidai."

Aka tambayi sunana aka rubuta a wani babban kaye, littafin rubutu mai baƙin bango. Aka tura ni layin yaran da ke kuka. Ni ban yi kuka ba, don ina jiran Tsoho ya juyo ya ce wasa yake yi, tunda tsakanin kaka da jika ba a rasa irin wannan. Bai juyo ba. Ina tsaye a layi na ga ya ɗaga taubashina ya ɗora a gaban jaki, suka nufi gonar gyaɗa.

Daga ranar kishi ya shige ni, kuma ba zan sa masa wani suna mai daɗin ji ba. Lakol tana wani gari ne mai ɗan nisa, mu fita da sassafe mu dawo da la'asar, ƙafa duk ƙarangiya. In na dawo abin da nake fara dubawa ba tuwo ba ne, bakin taubashina ne, ko akwai alamar fura a kai. Kullum akwai. In ya ce "ni da Tsoho mun ga zomo a gona," sai in ce zomon ƙarya ne. In ya ce Tsoho ya bar shi ya riƙe igiyar rijiya, sai in ce ai ko mace ma tana riƙewa. Tsakanin taubasai babu abin da ba a faɗa da sunan wasa, sai na fake da wasan ina zuba masa abin da ke cina. Shi kuwa dariya yake yi da gaske, ya ce da ni ɗan lakol mai hannun alli. Dariyar tasa ta fi komai ƙona mini rai, don ta nuna bai ma san ana gasa da shi ba.

Karatu kuma sai ya karɓe ni, lissafi musamman. Kada ka ɗauka son ilimi ne. Ina so ne in zo na ɗaya in kawo wa Tsoho, ya ga abin da ya yar. Na kawo kuwa, ba sau ɗaya ba. Sai ya riƙe takardar a juye, ya ce, "Madalla, abokina, Allah shi ƙara," ya miƙa wa Inna ta adana. Kafin in gama jin daɗi ya juya yana tambayar taubashina ko ya ba tumaki dusa. Da na tafi kolej a Gazawa, inda aka saukar da ni gidan wani aminin kawuna, sai ya zama hutun damina kawai nake ganin gida. Duk zuwan da na yi sai in tarar sun ƙara nisa da ni. Magana ma rabi-rabi suke yi. Tsoho ya dubi gabas ya ce "yau kam," taubashina ya tashi ya kwashe shanya, ni ina zaune ban san me aka ce ba. Ni aikina in karanta wasiƙa in an aiko daga ƴan ci-rani, a shimfiɗa mini tabarma a inuwa, a ce kada rana ta taɓa ɗan lakol. A gidan da na tashi na zama baƙon da ake girmamawa.

Akwai abin da na yi a hutun shekarata ta biyu a kolej, wanda ban taɓa faɗa wa ko matata ba. Tsoho yana da wata ɗabi'a da mutane ke yi masa dariya a kai a lokacin. Sauran manoma in suna gyaran gona sai su sare duk wani toho su ƙone, gona ta fito fes. Shi kuwa sai ya bi kututturan kalgo da sabara da gawo, ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran, ya ce iska ba ta cin gonar da ke da masu tsaro. Duk tohon da aka zaɓa ana ɗaura masa ɗan ƙullin kaba don kada mai noma ya yi kuskure. Babu wanda ya zauna ya gaya mini wannan, amma ina da ido. Na kuma san ƙullin, irin na taubashina ne, mai kunne biyu.

Ranar noman maimai na riga kowa fita, wai zan nuna hannun alli ma yana riƙe hauya. Ƙasa na da danshi, gero ya kai gwiwa, raɓa ta jiƙa mini wando. Na yi kuyya biyu lafiya. A ta uku na ci karo da wani tohon gawo mai ƙullin kaba, ya yi kyau ya miƙe, tsawonsa ya kusa ƙuguna. Na tsaya ina kallonsa. Sai na ga su biyun a zuciyata, sun durƙusa a kansa, Tsoho na nunawa, wancan na ɗaurawa. Na tura hauya. Da na sare ɗaya sauran ba su yi wuya ba. Kafin hantsi na kwantar da goma sha wani abu.

Da suka iso Tsoho ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa yana ajiyewa. Na tsaya na dafa hauya, can ƙasan zuciyata murna nake yi. Tsoho yana da wata tsumagiyar sabara da yake zane taubashina da ita in ya yi sakaci, kuma, ka yi dariya in ka ga dama, na daɗe ina kishin wannan tsumagiyar. Wanda ake duka shi ne na gida. Yau kam, na ce, zai kama kunnena, zai yi mini faɗa irin na wanda ake sa ran zai gaji gona.

Ya dube ni ya ce, "Ba laihinka ba ne, abokina. Ba ka sani ba. Tahi inuwa ka huta."

Na tafi inuwar. Ban taɓa jin dukan da ya kai wannan zafi ba.

Tsoho ya rasu ina shekarar ƙarshe a lise, saƙo bai same ni ba sai bayan an yi addu'ar uku. Taubashina ne ya riƙe kansa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ban taɓa samun tambayarsa dalili ba. Da na girma na yi wa kaina lissafin: ni ɗan mace ne, gandu kuwa ya sha rabo har ya tsuke, abin da zai zo hannun Inna ba zai riƙe gida ba, gonar mahaifina kuma tana can ƙetaren iyaka a hannun danginsa. Wataƙila abin da ya hango ke nan. Lissafin ya fita daidai, na duba shi gaba da baya. Amma bai taɓa sanyaya mini zuciya ba, don bai amsa abin da nake tambaya ba. Ni so nake in san wanda ya fi so.

To, bana sai ga ƴar taubashina a ajina. A gidana take zaune tare da ƴaƴana, don ƙauye babu lise. A gida Baffa take ce mini, a aji Mushe. Yarinya ce mai shiru, da dogayen yatsu irin na Tsoho. Ranar da harawar nan ta yi ƙamshi, bayan aji ya gama yamutsa mini biyu, sai na ga ta ɗaga hannu. Ta ce huɗu. Na ce ta yi wa ƴan'uwanta bayani. Ta fara da Faransanci ya sarƙe mata, sai ta roƙi izini ta faɗa da Hausa.

Ta ce, "Kamar gonarmu ce, Mushe. Sama jigawa, tsakiya geza, ƙasa kwari. Babanmu ya ce kakanshi na cewa, ba ka buɗe ƙoƙon iri sai ka san ƙasar da ka taka. Jigawa gero, geza dawa, kwari masara. Ba a zuba duka ukun a rami guda."

Sai na ji wannan "ohoo" ɗin da malami ke shekara yana nema. Yaron da ya ba ni tara har da dafe kai. Abin da na yi shekaru ina fama da shi da alli mai launi-launi, yarinya ta gama shi da numfashi uku. Kuma da maganar Tsoho. Maganar da ni, da na riƙe masa ƙoƙon iri, bai taɓa gaya mini ba, don lokacin da na isa a gaya mini ina can ina haddar sunayen kogunan wata ƙasa. Ta bi ta kan taubashina ta sauka a bakin ƴarsa, ta zo har cikin ajina ta same ni.

Na ji abin nan ya taso mini, wanda na sani tun ina ɗan shekara bakwai. Na ce, "Nan ba gona ba ce. In noma kike so, hanyar ƙauye a buɗe take. Zauna."

Yara suka yi dariya, don dariyar malami ake taya shi ko babu daɗi. Ta zauna ta sunkuyar da kai. Sati biyu ba ta ƙara ɗaga hannu ba. A gida ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta ce "Baffa, ga ruwa," ba ta kallon fuskata. Da na yi musu ƴar jarrabawa ta ci duka, amma ta rubuta komai da irin kalmomina, babu ko ɗaya nata. Ni da aka ba amanar yarinya, na kashe mata baki saboda ragowar furar da ubanta ya sha shekara talatin da wani abu da suka wuce. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ban ga takin da tawa ta zama ba, yarinyar dai ƙara shiru take yi.

Ranar wata Asabar na hau kabu-kabu na tafi ƙauye. Na tarar da taubashina a gona yana ɗaurin dami. Gonar ta cika da itatuwa, gawo da kalgo sun yi rassa, har maƙwabtan da suka yi wa Tsoho dariya yanzu kowa na barin toho a tasa. Ya hango ni ya washe baki.

"A'a! Mushe da kanshi? Mi ya kawo hannun alli cikin ƙaiƙayi? Bari in sa a kawo maka tabarma."

Na ce ya bar tabarmar, tambaya na zo yi. Nauyin bakina a ranar Allah kaɗai ya sani, amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ce ya gaya mini, in an zo daidai inda jigawa ta haɗu da geza, inda ba a san ko wacce ba ce, me Tsoho ke shukawa?

Ya ja ni har wurin. Ya ce, "Nan ne. Shina zuwa ya buga dugadugai sau guda, ya ce gero, ko ya ce dawa. Shi ke nan. Na taɓa ce mashi, Tsoho, nan da nan ai duk ɗaya ne. Ya ce ya sani. Ya ce iyaka ba ta raba kanta, sai mai gona ya ce nan ko can, in ka tsaya shawara danshi ya wuce ka."

Na ce, "To, ranar gindin tsamiya fa? Ya taɓa hwaɗa maka dalili?"

Ya kalle ni kamar yanzu ne ya fara ganina. Ya ce bai taɓa faɗa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Sai kuma ya fashe da dariya ya ce, "Amma akwai kayanka da ke wurina. Ka tuna ranar da ka sare tohon gawo? Da ka tahi inuwa, ni ya kai bayan kalgo ya zane tas. Wai don mi ban nuna maka ba. Kwana ukku ban kwanta da baya ba, taubashi."

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Amma ka ji gaskiya, mai karatu: abin da ya fara zuwa mini ba tausayinsa ba ne, ba kuma kunyar abin da na jawo masa ba. Cewa na yi a raina, ashe har dukana shi ya samu.

Na dawo da damin gero biyu a bayan babur da tambayata yadda na tafi da ita. Zamani ya juya. Yau iyaye ke bin diraktan lakol suna roƙo a rubuta ƴaƴansu, taubashina da kansa ya kawo mini ƴarsa yana cewa kada ta ƙare kamar shi. Mutanen garinmu in suna yi wa yaro fata sai su ce Allah ya sa ya zama kamar Mushe. Duk wanda ka tambaya zai ce ni ne na ci riba, mai albashi, mai gidan siminti. Ba na musu da su, ba na kuma butulce wa Allah. Sai dai na lura tsofaffin da ke magana rabi-rabi sun kusa ƙarewa, abin da suka sani kuma ba a kaye yake ba, yana bakin waɗanda suka zauna kusa da su. Ni ban zauna ba. Abin da ya rage mini na Tsoho yana wurin mutum biyu, ɗayansu kuwa na hana ta magana da bakina.

Ranar Litinin na sake rubuta fonksiyon a tablo, na kira ta. Ta taso a tsorace, tana zaton wani faɗan ne. Na miƙa mata alli na ce, a gaban kowa, ranar nan ni na yi kuskure, ita ce da gaskiya, ta sake yi mana bayanin gonar tun daga farko. Na ƙara mata da abin da ubanta ya gaya mini game da iyaka, na ce ta nuna musu inda mai gona ya buga dugadugansa a kan tablo. Ta duba, ta duba, sannan ta ɗora ɗan yatsa a kan ɗan layin da ke ƙarƙashin alamar.

Na tafi na zauna a bencinta, tsakanin ƴan mata biyu da ke ta ƙunshe dariya, gwiwoyina sun tokare teburi. Ta fara a hankali, sannan ta saki jiki. Ashe akwai sauran da ba ta faɗa ba ranar farko: yadda ake gane geza da launin ciyawarta, abin da ake yi in kwari ya sha ruwa ya yi yawa. Duk "babanmu ya ce kakanshi ya ce". Kowace ɗaya ta faɗa sai na ji kishin ya motsa, bai mutu ba, ban kuma sa ran zai mutu kafin ni ba. Da ta ga na yi shiru da yawa sai ta tsaya.

"Mushe, ya isa haka?"

Na ce, "Bai isa ba, ɗiyata. Ci gaba. Duk abin da ya ce, kada ki tsallake ko ɗaya."